Ranar da Muka Cire wa Motarmu Indomi

Naira 15,000 aka ba mu ranar da aka yanke wa motarmu salansa, kuma ba a karɓi ko sisi na kuɗin aiki ba. Tun a nan ya kamata hankalinmu ya dawo jikinmu. Mutum ya kai mota gareji, a shafe awa uku ana yanka ana walda a ƙarƙashinta, a ƙarshe bakanike ya sa hannu a aljihu ya ƙirgo kuɗi ya miƙo masa. Duk wanda ya tashi a Daura ya ji manya na cewa banza ba ta kai zomo kasuwa. Mun ji, mun ma sha faɗa wa wasu. Amma ranar sai muka karɓa, muka yi godiya, har muka zaro 2,000 muka ba yaran garejin su sha ruwa.

Motar Corolla ce ƙirar 2010, mai injin lita 1.8, 'yar Kwatano. Mun saye ta a 2021 da kuɗin wata manhaja da muka rubuta wa wasu mutanen waje, shekara guda bayan korona ta koro mu daga Legas mun dawo gida da kwamfuta a jaka, da niyyar yin wata biyu. Har yau ba mu koma ba. Aikinmu wuta da intanet kawai yake so, kuma sola da data sun fi kuɗin haya a Legas sauƙi. A takarda motar tamu ce. A zahiri kuwa ta gida ce. Ita ke kai Hajiya asibiti da gidajen suna, ita ke ɗauko buhun gero daga kasuwar Mai'adua, ita ake aro idan za a kai amarya Zango ko Sandamu. Idan kana da mota a cikin garin Daura, kai direban dangi ne wanda aka bar wa sayen mai.

Autanmu ne ya fara kawo maganar. Yana kwana yana kallon bidiyon masu wasan mota a waya, irin waɗanda ke juya mota a gidan biki har tayoyi su yi hayaƙi. Kullum maganarsa ɗaya ce: "Yaya, wannan motar taka kamar kyanwa take, ba a jin shigarta ba a jin fitarta." Shekara biyu muna korar sa da zancen. Sai dai mun san a ranmu cewa ba wai abin bai burge mu ba ne. Mu ne fa yaran da ke cusa robar ruwa tsakanin tayar keke da ƙarfe don ta riƙa kuka kamar babur. Da muka ɗan tasa kuma, babu wanda muke ganin girmansa a unguwa kamar samarin da suka fasa salansar Jincheng ɗinsu, suna tahowa daga hanyar Kongolam ana jin su tun ba su shigo gari ba. Digirin kimiyyar kwamfuta bai kashe wancan yaron ba, ya dai koya masa neman hujja kafin ya yi abin da yake so.

Hujjar ta zo ranar 29 ga Mayu, 2023, da sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Nan take kowa a majalisa ya zama masanin tattalin fetur. Wani ya ce a daina kunna AC, wani ya ce a riƙa sa mota a firi a gangara, wani ya ce a ƙara wa taya iska. A watan Yuli muka kai motar juyen baƙin mai, maigidan garejin ya leƙa ƙarƙashinta, ya fito yana kaɗa kai.

"Injiniya, motar nan a shaƙe take," in ji shi. "Indomin ne. Turawa sun sa shi ne saboda dokar ƙasarsu, mu nan ba ya mana komai sai shan mai. A cire shi, a cire tukunyar baya, a sa mata miƙaƙƙen fayif daga inji har ƙarshe. Za ka ga yadda za ta yi numfashi."

Autanmu yana tsaye a gefe, ya kawar da kai don kar mu ga murmushinsa.

Ga wanda bai taɓa kwanciya a ƙarƙashin mota ba, abin da muke haɗawa mu kira salansa jerin abubuwa ne. Hayaƙi na fitowa daga inji, ya fara ratsa wani kumburarren gwangwani. A cikinsa akwai dunƙulen tangaran mai dubban ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. Idan aka fasa shi, kamanninsa ɗaya da busasshiyar taliyar leda, shi ya sa makanikan Najeriya suka raɗa masa indomi. Asalin sunansa katalis. Bangon ramukan nan an shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam, 'yan giram kaɗan. Idan ya ɗauki zafi, ƙarafan nan suna sa gubar da ke cikin hayaƙin ta sake haɗuwa ta zama abin da bai kai ta illa ba, kuma lafiyayyen katalis yana rage sama da kashi 90 cikin 100 na manyan gubobin nan. Daga nan hayaƙin ya bi bututu, ya ratsa wata 'yar ƙaramar tukunya a tsakiya, ya isa babbar tukunyar baya. Ita wannan ba ruwanta da guba, ƙara take kashewa. Cikinta ɗakuna ne da bututai masu huji, sauti ya shiga ya yi ta karo da bango yana dawowa yana cin karo da ɗan'uwansa har ƙarfinsu ya ƙare. Miƙaƙƙen fayif yana nufin a zubar da duka ukun, a bar bututu ɗaya fayau.

Mu yi wa bakaniken adalci. Maganarsa tana da tushe. Katalis yana iya narkewa ko ya toshe, musamman idan filogi ya lalace ɗanyen fetur na zuba cikinsa, ko inji na cin baƙin mai. Motar da nata ya toshe kuwa da gaske a shaƙe take, ka taka totur har ƙasa ta ƙi tashi. Tamu dai lafiyarta ƙalau. Ba ta taɓa yi mana gardama a hanyar Kano ba, kuma babu wata fitila da ta kunnu a gabanmu. Mun san haka muna tsaye a wurin. Mun kuma san cewa da wani zai zo ya ce mu goge wani sashe na manhajar da ke aiki lafiya saboda wai yana ganin kamar yana rage mata sauri, abu na farko da za mu tambaye shi shi ne ina ma'aunin da ya nuna haka. Ba mu tambayi bakaniken ma'auni ba. Muka ce a yanka.

Ba za mu yi ƙarya mu ce ranar farko ba ta yi daɗi ba. Da aka tayar da ita a garejin, sai da kajin da ke kiwo a gefe suka watse. Wani gurnani ne mai kauri da kake ji a ƙirjinka kafin ya iso kunne. Muka hau titin Katsina mu da auta, gilasai a sauke, muna sakin totur tana tari tana fashe-fashe, shi kuma yana ihu yana ɗaukar bidiyo. A ranar za mu iya rantsuwa ta ƙara gudu. Daga baya muka gane kunne ne ke yaudarar ƙafa. Ƙaramin inji irin wannan, marar tobo, ba ya samun wani ƙarfin a zo a gani don an buɗe masa bututu. Idan ma fayif ɗin ya yi faɗi da yawa, kamar wanda aka sa mana, hayaƙin yakan rage saurin fita lokacin da injin ke juyawa a hankali, sai motar ta yi nauyin tashi daga tsaye. A cikin gari kuwa, tsakanin masu Keke Napep da awaki da kwanciyar 'yan sanda, rayuwar mota duk tashi daga tsaye ce.

Kwana uku da yin aikin wata fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji ta kunnu a gaban sitiyari, wadda makanikai ke kira cek. Wannan kam fagenmu ne, har da ɗan murna muka ɗauko kayan aiki. Tun daga 1996 duk motar da za a sayar a Amurka dole ta zo da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari, OBD-II, inda ake jona na'ura a tambayi ƙwaƙwalwar motar abin da ke damun ta. Muna da 'yar ƙaramar na'urar da ke haɗa kafar da waya ta Bluetooth. Muka jona, ta ba mu lamba: P0420. Fassararta a taƙaice, katalis ba ya aikinsa.

Yadda motar ta gano hakan ya burge mu a lokacin, yanzu ma yana burge mu. Injin fetur yana son ma'auni ɗaya, kusan giram 14.7 na iska ga kowane giram ɗaya na mai. Akwai sensa a gaban katalis da ke shinshinar hayaƙi tana gaya wa ƙwaƙwalwa ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ita kuma tana ta gyara ma'aunin ba tsayawa. Akwai ta biyu a bayan katalis, ita kuma kusan aikinta shaida ne. Idan katalis na aiki, hayaƙin da ya iso gare ta ya riga ya daidaita, sai ka ga layinta a allon waya ya kwanta kusan a miƙe. Mai waldarmu ya huda sabon fayif ya mayar da ita, don kar a bar waya tana reto. Sai ga layinta yana hawa yana sauka, daga wajen 0.1 zuwa 0.9 na bolt, kamar haƙoran zarto. Abin da ya fito daga inji shi ne ya iso gare ta, babu abin da ya taɓa shi a hanya. Ta kuma faɗi abin da ta gani.

A manhajar akwai maɓallin goge lamba. Muka danna, fitilar ta mutu. Bayan kwana biyu ta dawo, muka sake dannawa. Manhajar tana ajiye tarihin abin da aka yi, kuma da muka duba daga baya mun tarar sau 41 muka goge lambar nan tsakanin Yuli da Janairu. Abin kunyar shi ne a daidai watannin nan muna duba aikin wasu matasa biyu da ke koyon rubuta manhaja a ƙarƙashinmu, kuma babu laifin da muke yi musu faɗa a kansa kamar mutum ya rubuta layin da zai kama kuskure ya haɗiye shi shiru don kar allo ya nuna ja. Mukan ce musu kuskuren yana nan, bakinsa kawai ka toshe. Mu gama rubuta wannan da safe, da yamma mu shiga mota mu danna maɓalli.

Mai wayarin ɗin garejin ya kawo shawarwari. A cire ƙwan fitilar, ko a liƙa mata baƙin salatif. Ko kuma a sa wa sensar baya wani ɗan ƙarfe da zai janye hancinta daga tsakiyar hayaƙin, ta riƙa jin kaɗan-kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ɗauka komai lafiya. Mu da kanmu mun kwana biyu muna karanta yadda ake shiga manhajar ƙwaƙwalwar a kashe binciken gaba ɗaya. A cikin karatun ne muka sake cin karo da labarin Volkswagen. A watan Satumban 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin ya sa wa motocinsa na dizal manhajar da ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi, ta natsu har a gama, a kan titi kuma ta saki. Motoci kusan miliyan 11 abin ya shafa a duniya, kuma a 2017 aka yanke wa ɗaya daga cikin injiniyoyinsu ɗaurin wata 40. Lokacin da labarin ya fito muna sababbin shiga aiki, mun yi ta mamakin yadda mai ilimi zai zauna ya rubuta irin wannan abu da hannunsa. A daren nan mamakin ya ragu. Muka rufe kwamfutar ba mu taɓa ƙwaƙwalwar ba. Sai dai ba mu mayar da indomi ba, muka koma ga maɓallinmu.

Man da aka ce za a rage fa? Muna da al'adar rubuta kowace lita da kowace kilomita tun ranar da muka sayi motar. Kafin aikin, lita ɗaya tana kai mu wajen kilomita 11 a zirga-zirgar gari. Bayan aikin ta koma 10 da ɗan wani abu. Ba fayif ɗin ne ke shan man kai tsaye ba, tunda sensar gaba tana nan tana riƙe da ma'auni. Ƙafarmu ce. Wanda ya sayi ƙara sai ya taka ya ji abin da ya saya.

Doguwar tafiya kuma ta zama azaba. Inji mai silinda huɗu yana fitar da bugun hayaƙi biyu a kowane juyi. Idan yana juyi 3,000 a minti, bugu 100 ke nan a kowace daƙiƙa, kuma babu tukunyar da za ta tare su. A hanyar Kazaure zuwa Kano sautin yakan daina zama gurnani ya koma wani gunji mai zama a cikin ƙoƙon kai, kamar an kifa maka turmi ana daka a kansa. Ba ka jin rediyo, ba ka jin na kusa da kai. Mukan isa Kano kunne na ƙugi. Idan za mu wuce ta ƙofar fada ko kusa da masallaci ana salla, sai mu ɗage ƙafa mu bar motar ta silale, muna sunkuyar da kai kamar ba mu ne a ciki ba. Duk wannan mun ɗauke shi a matsayin kuɗin da muke biya da jikinmu, kuma tunda jikinmu ne, muna ganin ba ruwan kowa.

Gidanmu a cikin lungu yake, irin lungunan tsohon gari da katanga ke fuskantar katanga. Babu wurin shigar da mota, a ƙofar gida take kwana, gabanta na kallon titi, bayanta na kallon zauren maƙwabcinmu. Malam ne, yana da makarantar allo, kuma tun muna yara ɗalibansa ke zama a bakin zauren nan bayan asuba. Mu ma a nan muka yi namu karatun. Muna da wata ɗabi'a da muka gada daga Baba, Allah ya jiƙansa: kowace safiya a tayar da mota a bar ta ta yi minti goma tana ɗumi. Shi yana da hujja, Fijo 504 gare shi mai kafireto, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. A shekarar nan ce kuma motocin Amurka suka fara fitowa da katalis. Motar zamani da ƙwaƙwalwa ke auna mata mai ba ta buƙatar wannan dogon ɗumin, mun sani, amma hannu ya saba.

Wata ranar Juma'a a cikin Disamba, hunturu ya kankama, Kawu ya zo gaishe da Hajiya. Da zai tafi ya ce mu taka masa. Sai da muka kai bakin titi ya tsaya.

"Ka lura Malam ya tashi yara daga bakin zaure?"

Muka ce ba mu lura ba.

"Ya mayar da su ta bayan gida, wajen da rana ba ta isa da wuri. Yau sati uku ke nan. Na tambaye shi, ya ce babu komai, akwai dai wani yaro mai ciwon ƙirji da tari ke tasar wa da safe." Ya ɗan yi shiru yana gyara hularsa. "Shi ba zai faɗa maka ba. A gabansa aka haife ka."

Bai ƙara ko kalma ba, ya tare mai babur ya hau.

Mun daɗe a tsaye a wurin. Ana cewa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma bakin salansa baya yake kallo. Mai tuƙi yana gaba, gilashi a rufe, iska na kwashe komai tana kai wa wanda ke bayansa. Wata biyar muna jin warin ɗanyen fetur idan muka zagaya buɗe but, muna cewa ai haka motar tsere take. Warin ma shi ne mai sauƙin. Kabon monoksaid, iskar nan da ke kashe iyali guda idan suka kwana da janareta a ɗaki, ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijin sau sama da 200. A fili iska na tarwatsa ta. Amma lungu ne, da sanyin asuba da iska ba ta motsi, da yara zaune a ƙasa, kansu daidai tsayin bututun. Ko da indomi, mintunan farko kafin ya yi zafi hayaƙin ba shi da kyau. Mu kuma mun cire shi, muka ba su minti goma cur kowace safiya, da ƙarar da ke danne muryar mai biya musu karatu.

Washegari muka daina ɗumin, muka koma ajiye motar a bakin titi. Muka ce idan kuɗi sun shigo za mu gyara. Kuɗi suka shigo, muka sayi batirin sola.

A cikin Janairu, wajen ƙarfe biyu na dare, ƙanwarmu ta buga mana ƙofa. Hajiya ce, kanta kamar zai rabe, idonta na ganin dishi-dishi. Tana da hawan jini, kuma mace ce da ba ta son a san ciwonta, ko 'yan'uwanta ba duka suka sani ba. Muka riƙo ta a hankali har bakin titi. Muna murza makulli motar ta tsage daren nan gida biyu. Karnuka suka ɗauka, fitilun waya suka fara haskawa ta tagogi. Muna tuƙi muna lallaɓa totur, amma a ƙaramin juyi ma gunjin ya fi cika cikin motar. Ta madubi muna ganin ta ta dafe kai da hannu biyu, ta cusa gefen mayafi a kunne. Hajiya ba ta kiran sunanmu, mu ne na fari. Ba mu kai rabin hanya ba muka ji muryarta ƙasa-ƙasa.

"Kai wannan. Kashe ta. Gara in taka da ƙafata."

Ba mu kashe ba, babu yadda za a yi. Muka ci gaba, muna ba ta haƙuri, ba mu ma san ko tana jin mu ba. A ƙofar asibiti maigadi ya taso da gudu yana ɗaga hannu, akwai marasa lafiya a kwance. A nan muka kashe ta, muka shiga da Hajiya a kujerar turawa.

Allah ya sa abin ya zo da sauƙi, kwana biyu aka sallame ta. Akwai kuma wani abu da ba za mu ɓoye ba: ƙarar ce ta tayar da wani maƙwabcinmu, ya biyo mu a babur cikin sanyin nan, shi ya yi ta zirga-zirgar sayen magani har asuba. Amma kafin azahar rabin unguwa sun zo dubiya, kowa da irin tambayarsa, domin kowa ya ji fitarmu ƙarfe biyu. Hajiya ta amsa gaisuwar kowa da fara'a. Da suka watse ta juya fuskarta bango, ba ta ce mana komai ba har dare.

Ranar da aka sallame ta muka koma garejin. Muka ce a dawo mana da kayanmu, za mu mayar da 15,000 ɗin har da ƙari. Maigidan ya yi dariya, ba ta mugunta ba.

"Injiniya, ai indomi ba ya kwana. Tun a satin mai saye ya zo ya ɗauka."

A nan muka ji yadda kasuwar take. Masu saye suna zagaya garejoji, su duba lambar da ke jikin gwangwanin, su duba waya, su faɗi farashi, domin kowace ƙira da yawan ƙarfen da ke cikinta. Daga nan a tara, a niƙe, a fitar da garin waje a tace. Mafi yawan rodiyam na duniya daga ma'adinan Afirka ta Kudu yake fitowa, kuma a watan Maris na 2021 oza ɗaya, wato kimanin giram 31, ta kusa dala 29,000, lokacin da ta zinariya ba ta kai 2,000 ba. Farashin ya faɗo sosai daga baya, amma bai faɗo yadda za a bar indomi ya kwana a gareji ba. Bai gaya mana nawa aka ba shi ba, mu ma ba mu tambaya ba. Tukunyar baya kuwa tana nan a jingine da katanga, yaran garejin sun mayar da ita kujera. Ita ba mai so.

Sai da muka je Kano, Kofar Ruwa. Wani dattijo mai sayar da kayan Kwatano ya zaunar da mu ya koya mana abin da ya kamata mu sani tun farko: a haska tocila ta baki ɗaya a ga saƙar tana nan ba a ƙwaƙule ta ba, a girgiza a ji ko akwai abin da ke ƙara a ciki, a duba jikin gwangwanin ko akwai sabon ɗinkin walda. Abin da muka biya ya ninka abin da aka ba mu sau da yawa, ban da kuɗin mai da na mai walda, wanda wannan karon ya karɓi haƙƙinsa cif. A hanyar dawowa muka jona waya. Bayan mun wuce Kazaure muka tsaya a gefen titi muka duba. Layin sensar baya ya kwanta, yana ɗan motsi kaɗan a wajen 0.7. Muka kunna rediyo, muka ji labarai tun daga farko har ƙarshe.

Bayan isha'i muka iso. Muka yi sallama a tsakar gida, Hajiya tana kan darduma, ta ɗan zabura.

"Yaushe ka shigo? Ban ji motar ba."

Auta ya yi sati ba ya mana magana sai gaisuwa. Bidiyon ranar farko yana nan a wayarsa, mutum dubu da wani abu sun kalla.

Mun je mun gaishe da Malam da goro da turare. Muka fara kame-kamen bayani, ya katse mu da tambayar jikin Hajiya, ya yi mana addu'a, ya tambayi ko har yanzu aikin namu na cikin kwamfuta ne. Motar ta koma kwana a lungu, amma yanzu da baya muke shigar da ita ta ɗaya ɓangaren, bututun na kallon titi, kuma muna tayarwa muke tafiya. Hunturu biyu sun wuce tun daga lokacin. Yaran suna can bayan gida inda ya mayar da su, da asuba muna jiyo karatunsu ta saman katanga. Bakin zauren a share yake kullum, babu kowa a wurin.